Goggo Kulu da Shanun Baƙo

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Goggo Kulu wani abu ya san ba ta karɓa sai ta yi tambayarta. Ko goro ne, ko kujera, ko ruwa a moɗa, sai ta noƙe hannu ta dube ka ta ce, "Wanga na wa na?" In ka ce naka ne, ta tambaye ka inda ka samo. Ku mutanen Bahindi kun sha wannan tambaya sau da yawa, ni kuwa Sahabi, jikanta na fari, a cikinta na girma. Ina ce mata amaryata, tana ce mini mijin da bai taɓa kawo ko gishiri ba, kuma a haka muka zauna har Allah ya raba.

Na taɓa kai ta asibiti a Bagudo saboda ciwon gwiwa. Ma'aikaciyar jinya ta nuna mata gado ta ce ta hau. Goggo ta tsaya da sandarta tana duban gadon sama da ƙasa.

"Gadon ga na wa na?"

"Na gwamnati ne, Goggo."

"Ta san za ni hau?"

Yarinyar nan ta yi dariya har ta dafa bango. Sai da ta rantse cewa gwamnati ta sani kuma ta yarda, sannan Goggo ta hau, ta zauna a gefe-gefe don kada ta ɓata wa mutane zanin gado.

Tsimi kuwa, ba a magana. Kwalin ashana ɗaya yana kai ta daga wannan azumi zuwa wancan, domin kullum da safe sai ta ɗauki tsingaro ta leƙa gidan Inna Dije maƙwabciyarta ta ɗebo garwashi. Wannan kowa na yi. Abin da ba kowa ke yi ba shi ne, in ta gama suyar ƙuli-ƙulinta da rana, sai ta sake cika tsingaron da garwashi ta koma.

"Dije, ga wutarku."

"Haba Kulu, yaushe anka hwara maido wuta?"

"Aro niy yi. Ba ki ce kyauta ta ba."

Inna Dije tana nan da ranta, ku tambaye ta. Ta ce tun tana jin haushi har ta saba, ta riƙa barin murhunta ya mutu da rana don ta san wuta na tafe.

Sai kuma mangwaron Malam Garba, wanda reshensa ya ƙetaro katangarmu. Mu yara muna ganin duk abin da ya faɗo tsakar gidanmu Allah ne ya aiko. Goggo ba ta ga haka ba. Kowane ɗa ya faɗo, sai ta tsince shi ta wurga ta kan katanga ya koma gidansu. Wata rana Malam yana tsugune yana alwala, sai ya ji tim a tsakiyar baya.

"Kulu, don Allah ki bari! Na ce na yahe maku!"

"Wanda ka yahe na jiya na. Wanga yanzu yah hwaɗo."

Daga ranar Malam Garba ya canza wurin alwala.

Duk waɗannan muna ba da su ne don dariya. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin saniyar nan, domin na ji yara suna ba da shi a karkace, har wani yana cewa wai taɓin hankali ne ya same ta. Ba na son jin wannan magana, kuma wanda ya sake faɗinta gabana za mu ɓata.

Kun san Goggo ba ta da buri a duniya sai na zuwa Makka. Don shi take soya ƙuli-ƙuli tana matsar man gyaɗa, don shi take tsimin ashana. Dabararta ita ce ta sayi ɗan maraƙi ta turke shi a gida, ya yi ƙiba ta sayar, ta ƙara a kan abin da ta tara. Da yake ba ta shiga kara, wato kasuwar shanu, da kanta, Arzika dillali ke saya mata. Kun tuna Arzika, mai ɗingishi da haƙorin azurfa. Yadda yake aikinsa shi ne, duk dabbar da ya saya wa mutum sai ya shafa mata fenti a ƙaho, kowane mai saye da kalarsa, in kasuwa ta tashi masu kora su kai wa kowa tasa.

A wata ranar kasuwa ya saya wa Goggo ɗan maraƙi, ya kuma saya wa wani Bafillace baƙo daga ƙetaren iyaka karsana ja mai ciki. Fenti ya ƙare masa, ya shafa wa duka biyun shuɗi da nufin zai tuna. Bai tuna ba, domin an kira shi rabon faɗa. Kafin ya dawo, wanda baƙon ya bari ya karɓar masa dabba ya ja maraƙin Goggo ya yi hanyar Binin, masu kora kuma suka kawo mana karsana har ƙofar gida.

Mu dai murna muka hau yi. Goggo ta fito, ta zagaya karsanar, ta aika a kira Arzika. Ya iso yana haɗa gumi.

"Arzika, na aike ka ɗa, ka kawo mani uwa tai?"

"Goggo, kure anka yi."

"To kai ta ga mai ita."

Nan ne gizo ya yi saƙa, domin Arzika bai san sunan baƙon ba, bai san rugarsu ba. Abin da ya sani kawai mutum ne dogo mai malfa, ya biya lakadan ya tafi. Aka jira kasuwa ta zagayo, bai zo ba. Ta sake zagayowa, shiru. Da Arzika ya gaji sai ya zo ya tsuguna gaban Goggo, ya yi ƙasa da murya.

"Goggo, ki riƙe abinki. Rabonki na. Kuskuren nawa na, ba naki ba, kuma ba wanda ya sani sai ni da ke."

"Ita saniyar ta sani. Dubi yadda take kallona."

Ta ce sai an yi cigiya a kasuwa. Arzika ya kama roƙo, ya ce in aka ji ya haɗa dabbobin mutane, ba mai sake ba shi saye. Goggo ta yi masa alkawarin ba za a ambaci sunansa ba, kuma ta cika. Abin da mai shela ya faɗa a tsakiyar kara shi ne, duk wanda ya ba wani dillali mai ɗingishi da haƙorin azurfa sayen karsana bai ga karsana ba, ya nemi Goggo Kulu a Bahindi. Arzika ya yi wata guda ba ya gaishe ta.

Ta sa wa karsanar suna Baƙuwa, kuma kamar baƙuwa ta riƙe ta. Ita ake fara ba wa dusa kafin awakin gida. Da ta haihu, nono ya zo kamar me, amma ko cokali ɗaya Goggo ba ta yarda ya shiga furarmu ba. Ɗan maraƙi ya sha ya ƙoshi, abin da ya rage a kai wa masu jego da tsofaffin unguwa, a ce musu sadakar mai saniya ce. Shekaru ana yi wa mutumin nan addu'a a Bahindi, ba wanda ya san ko sunansa.

Abu ɗaya ne na kama ta da shi. Na tarar tana kwashe kashin saniyar a kwando za a kai gonarta, na ce yau kam na samu amaryata da kayan mutane.

"Goggo, takin ga na wa na?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ciyawata tac ci. Abin da yah hito nawa na."

Baƙuwa kuwa saniya ce mai albarka. Ta haifi mace, macen ta girma ta haifi mace, abu kamar wasa sai ga gida ya yi musu kaɗan. Goggo ta kai su ruga wajen Kurgu, ta ɗauki makiyayi tana biyansa daga kuɗin ƙuli-ƙuli. Allura, gishiri, kanwa, duk daga ɗan asusun Makka suke fita. Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya cinye makiyaya, rabin abin da ta tara a dusa da harawa ya tafi. Kuɗin kujerar Makka na hawa, asusun Goggo na sauka, garken baƙo na ƙaruwa. Kowace shekara kuma in Fulani za su gangara kudu, sai ta tare su a hanya ta ba su cigiya. Masu kifi, masu gishiri, direbobi, ba wanda ba ta aika ba. Da na fara kabu-kabu da babur tsakanin Tsamiya da ƙetare, ta ce ashe dai zan yi rana, ta ɗora mini nawa kason na cigiyar.

Mahaifina, Allah ya ƙara masa lafiya, shi abin ya fi damu. Yana ganin ƙawayen uwarsa suna tafiya suna dawowa da haƙorin Makka, ita kuwa gwiwa na ƙara cin ta. Ya san in aka ƙara 'yan shekaru, ko an samu kuɗin ba za ta iya ɗawafi ba. Ya lissafa ya ga ko rabin garken aka sayar, kujera ta samu har da guzuri. Da ya ga maganarsa ba ta shiga, sai ya ɗauko Liman.

Liman ya zauna ya yi bayani a tsanake. Ya ce ta yi cigiya fiye da yadda aka ɗora mata. Ya ce tana iya amfana da dukiyar, da sharaɗin in mai ita ya bayyana a biya shi, kuma ga ɗanta ya ɗauki nauyin biyan. Goggo ta saurara har ya gama, kanta a sunkuye.

"Allah shi gafarta Malam, na ji, kuma ban ƙi karatu ba. Amma in mutumen ga ya zo ina can, mi za a ce mashi? A ce shanunka sun zama jirgi sun tashi?"

"Inna, ni zan biya shi," in ji mahaifina.

"Da mi? Da shinkahwar da ruwa ka ci kowace shekara?" Ta juya ga Liman. "Malam, ni tsoro ni ka ji. In tsaya gaban Ɗaki in ɗaga hannu, a ce mani, Kulu, da mi kinka zo? Ba ni da bakin amsawa."

Liman ya ce shi dai ya faɗi abin da ya halatta, amma abin da ta zaɓa ya fi. Mahaifina ya tashi ya fita. A ranar na ga idonsa ya yi ja, na kuma ga Goggo ta daɗe zaune a bakin murhu ba ta soya komai ba. Kada wani ya ce muku ba ta ji zafin abin ba. Ta ji, domin duk shekara in maniyyata za su tashi, ba ta iya fita rakiya.

Yadda aka gano mai shanun kuwa, ni ne sila, kuma ba zan bar wa kowa wannan lada ba. An ce ina da surutu. To surutun ne ya yi aiki. Wata ranar kasuwar Tsamiya na ɗauki wani dattijo Bafillace zan ƙetare da shi wajen Segbana. Tun da muka hau hanya nake zuba, daga tsadar mai na koma kan lalacewar hanya, daga nan na faɗa kan kakata da ta hana kanta Makka saboda shanun wani bawan Allah da ko neman abinsa bai iya ba. Na kai wajen fenti shuɗi ke nan, sai na ji ya damƙe mini kafaɗa.

"Yaro, tsaya."

Na tsaya. Ya sauka, ya tsuguna a gefen hanya kamar wanda jiri ya ɗiba.

"Ja ce? Kunnenta na hagu da tsaga biyu?"

Saura kaɗan babur ya kuɓuce mini. Ban kai shi Segbana ba, juyowa muka yi.

Kada ku zaci Goggo ta yi guɗa da ta gan shi. Tabarma ta shimfiɗa masa, ta ba shi ruwa, ta sa aka kira Liman da mahaifina da Arzika, wanda a lokacin ya tsufa ya bar kara. Sannan ta hau shi da tambaya kamar alƙali. Wace kasuwa, wane lokaci na shekara, yaya ƙahonta, wa ya bari ya karɓa. Ya amsa duka. Arzika ya ƙura masa ido ya ce wallahi shi ne, malfar ce kawai ta canza. Sunansa Sambo.

"To kai Sambo," in ji Goggo, "mi yah hana ka dawowa neman abinka?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ciwo ne ya kashe masa shanu a wancan lokaci, ya tattara awakin matarsa ya sayar don ya sayi karsanar ya sake kafa garke. Da aka kai masa ɗan maraƙi, ya ɗauka da gangan aka cuce shi don an ga baƙo ne. Ya ji kunyar ya zo ƙasar mutane ya tsaya tsakiyar kasuwa yana hayaniya a kan saniya, sai ya haɗiye, ya rantse ba zai sake taka wannan kara ba. Tun daga nan kiwon shanun wasu yake yi ana biyansa, shi da 'ya'yansa.

Kowa ya tausaya masa, ban da Goggo.

"Kunyarka ta ci mani dusa ba kaɗan ba."

Washegari muka ɗunguma zuwa ruga. Da makiyayi ya koro garken, Sambo ya tambaya wace ce tasa a ciki. Aka ce masa duka. Bai gane ba sai da aka maimaita masa da Fillanci. Mutumin nan da kunya ta hana shi neman haƙƙinsa, sai ga shi ya rufe fuska da malfa yana kuka gaban mata da yara.

Da ya natsu ya ce a raba biyu, Goggo ta ɗauki rabi. Liman ya ce wannan kyauta ce daga mai abu, halal ce tsantsa, kuma ko a al'ada mai kiwo yana da rabonsa. Na ga fuskar mahaifina ta washe, ni ma na fara hango Goggo a jirgi.

"A'a," in ji ta. "Ba ka ba ni kiwo ba, ba mu yi magana da kai ba. Yanzu daɗi ad da kai, gobe in ka ƙirga ɗiyanka za ka ji zahi. Kwashe abinka." Ta gyara tsayuwa a kan sandarta. "Amma ina maraƙina?"

Wallahi duk mun manta da wani maraƙi. Sambo ya daburce, ya ce ya yi kiwonsa ya sayar tun tuni. Goggo ta ce to ita nata take so. Bayan kwanaki ya dawo da wani bijimi fari, ƙato. Ta zagaya shi tana taɓe baki.

"Nawa bai kai haka ba."

"Shi ma ai ya girma, Goggo," in ji Sambo.

Ta yi nazari, ta ga maganar ta hau, ta karɓa. Wannan ne kaɗai karon da na ga an ci Goggo da hujja.

Ranar da za su kora garken, ta je har gaban Baƙuwa, wadda ta tsufa haƙora sun zube, ta daɗe tana shafa mata wuya. Sannan ta kwance igiyar da ke wuyanta ta naɗe a hannu, ta ce wannan kam tata ce, ita ta saya. Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta hau bayan babur ɗina ta ce mu tafi, ba ta son ganin fitarsu. Har muka iso gida ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya, kuma ina jin goshinta a bayana.

Kuɗin bijimin bai kai ko kusa da kujera ba. Ta ci gaba da suya tana tarawa, gwiwa kuma ta ci gaba da aikinta, har ta kai ba ta iya zuwa ko ƙofar gida. Damina biyu bayan tafiyar shanun, jim kaɗan bayan babbar salla, Allah ya karɓi abinsa. Ba ta je Makka ba. Na faɗa a fili don masu cewa ta yi asara su san ba ɓoyewa muke ba. Ni dai a duk zuriyarmu ba wanda nake ɗaga kai in ambaci sunansa kamar ita.

Muna zaman makoki sai ga Sambo ya sauka daga babur, da farar hula da carbi sabo. Labarin rasuwar ya tarar da shi ne kwana kaɗan da dawowarsa daga aikin Hajji. Ya yi gaisuwa, ya zauna kusa da mahaifina. Can ya ce bijimai ya sayar daga garken nan ya biya kujera, sauran kuma suna hannun 'ya'yansa, yanzu ba mai yi wa wani kiwo a gidansa. Ya ce ya so ya zo da bakinsa ya gaya mata wani abu, ga shi bai same ta ba.

"Ranar Arfa da na ɗaga hannu, sunanta na fara kira, kafin na uwar da ta haife ni."

Mahaifina, wanda bai yi kuka a maƙabarta ba, a nan ya kifa kai a gwiwa.

Allah ka ji kiran da bawanka ya yi a wannan fili. Ka jiƙan Kulu, ka yalwata mata makwanci, ka rubuta mata ladan tafiyar da ta bari don tsoronka. Ka saukar da ita a gidan da yake nata ne ita kaɗai. Amin.